Fashewar Jajayen Ƙwayoyin Jini: Abin da ke Jawo Ta da Yadda Ake Gano Musabbabinta

Wata uwa ce ta aiko da tambaya a kan ɗanta mai shekara bakwai. Ta ce karo biyu ke nan a cikin shekara guda yaron yana yin zazzaɓi, bayan kwana biyu ko uku sai idanunsa su yi rawaya, fitsarinsa ya koma launin baƙin shayi, jikinsa ya ɗashe, har a karo na biyu sai da aka ƙara masa jini leda ɗaya. An gwada shi an ce AA ne, ba shi da sikila, kuma ba a sami ciwon hanta ba. Likita ya shaida mata cewa jinin yaron ne yake fashewa. Tana son ta san abin da ke fasa jinin mutum, da yadda ake gano ainihin dalilin.

Malama, Allah ya ba yaron lafiya, ya ba ki ladan jinya. Abin da likitan ya faɗa miki suna ne na wani babban rukuni na cututtuka masu asali daban-daban, domin haka idan aka ce jini yana fashewa, an kama hanyar bincike ne, akwai sauran aiki kafin a san wacce ce daga cikinsu, kuma maganin kowacce ya sha bamban da na 'yar'uwarta.

Ƙarancin jini yana zuwa ne ta hanyoyi uku. Ko dai jinin ya zuba ya bar jiki, kamar a wurin haihuwa ko rauni ko tsutsar ciki mai tsotson jini. Ko ɓargo ya kasa ƙera isassun ƙwayoyi saboda rashin sinadarin ƙarfe ko wani abin da yake buƙata. Ko kuwa a ƙera ƙwayoyin amma su lalace tun wa'adinsu bai cika ba. Na ukun nan shi ne batunmu. Jar ƙwayar jini ta mai lafiya takan yi kimanin kwana 120 tana zagaya jiki da iskar oksijin, idan ta tsufa saifa ta cire ta, ɓargo ya maye gurbinta da sabuwa. Ɓargo yana da ikon ninka aikinsa sau shida zuwa takwas idan buƙata ta taso, shi ya sa mutum zai iya yin shekaru ƙwayoyinsa suna mutuwa da wuri ba tare da jininsa ya yi ƙasa sosai ba. Ƙarancin yakan bayyana ne sa'ad da ɓarnar ta fi ƙarfin ɓargo, ko kuma ta auku farat ɗaya kafin ɓargon ya kai ga ƙara himma, kuma wannan na biyun ne ya yi kama da abin da kika kwatanta.

Wurin da ƙwayoyin suke lalacewa yana da muhimmanci, domin shi ne yake tsara alamomin da za a gani. A mafi yawan lokuta saifa da hanta ne suke kama ƙwayar da ta sami tawaya su narkar da ita, su ware sinadarin ƙarfen da ke cikin himogulobin, wato jan sinadarin da yake ɗaukar iskar oksijin a cikin ƙwayar, su mayar wa ɓargo, ragowar kuma ya koma wani sinadari mai launin rawaya da ake kira bilirubin. Idan bilirubin ya yi yawan da hanta ba za ta iya sarrafa shi a kan lokaci ba, sai ya taru a jini, idanu su yi rawaya. Wannan ne ya sa ake ganin shawara alhali hanta lafiyarta ƙalau, kuma wannan ne ya sa saifar irin waɗannan marasa lafiya take kumbura, wasu kuma tsakuwa ta fito musu a madaciya tun suna matasa. A wasu lokuta kuwa ƙwayoyin suna fashewa ne a cikin jijiyoyin jini kai tsaye, himogulobin ya watsu a ruwan jini. Akwai wani furotin da hanta take samarwa mai suna haftogulobin wanda aikinsa shi ne kwashe irin wannan himogulobin, amma idan ɓarnar ta yi yawa yakan ƙare, saura ya bi ta ƙoda ya fita a fitsari. Fitsarin da kika ga ya yi duhu yana iya zama wannan, kuma alama ce da ba a wasa da ita, domin tana iya raunata ƙoda.

Akwai abin da ya biyo bayan wannan bayani wanda nake so ki riƙe. Tun da jiki yana adana ƙarfen ƙwayoyin da saifa ta narkar, mai wannan larura galibi ba ƙarfe ya rasa ba, kuma kwalaben maganin ƙarin jini da ake saya a kemis ba za su hana ƙwayoyinsa mutuwa ba. Ga wanda ake yawan ƙara wa jini ma, ƙarfen yana iya taruwa ya illata hanta da zuciya. Abin da ɓargo mai aiki ba dare ba rana yake yawan rasawa shi ne wani bitamin da ake kira folik asid. Ina ganin wannan ɗabi'a ta ɗaukar duk wani ƙarancin jini a matsayin rashin ƙarfe tana cikin manyan abubuwan da suke jinkirta gano waɗannan cututtuka.

Likitoci sukan kasa musabbaban gida biyu: aibin da yake cikin ƙwayar kanta, wanda kusan kullum gado ne, da kuma abin da yake afka wa lafiyayyar ƙwaya daga waje.

A cikin na gado, sikila ce kowa ya sani. Likita James Herrick ne ya fara bayyana ta a rubuce a Shikago a 1910, kuma a 1956 Vernon Ingram ya nuna cewa canji guda ne tak a cikin ginin himogulobin yake haddasa ta. Ƙwayar mai sikila takan rayu kwana 10 zuwa 20 kacal. An ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu ita a Nijeriya duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. Tun da an ce ɗanki AA ne, ba zan daɗe a nan ba, sai dai in ja hankalinki ga abu biyu. Idan an ɗebi jinin gwajin bayan an ƙara masa jini, sakamakon ba abin dogaro ba ne, domin jinin wanda ya bayar ya gauraya da nasa, sai an jira kamar wata uku a sake. Sannan akwai nau'in SC, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, mai sauƙin alamomi da kan sa a daɗe ba a gano shi ba. Haka kuma akwai talasemiya, inda jiki ba ya ƙera isasshen wani ɓangare na himogulobin; mai tsananinta ta fi yawa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya da kudancin Asiya, wadda ta yaɗu a Afirka ta Yamma kuwa galibi mai sauƙi ce.

Wadda na fi so ki fahimta ita ce ƙarancin wani inzayim, wato sinadarin da yake taimaka wa ayyukan cikin ƙwaya, da ake kira G6PD, domin labarin ɗanki ya yi kama da ita, kuma duk da yawanta mutane kaɗan ne suka san sunanta. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 400 suke da ita a duniya, kuma ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana addabar jama'a, har a wasu sassan Nijeriya kimanin namiji ɗaya cikin biyar yana da ita. Aikin wannan inzayim shi ne kare jar ƙwaya daga wasu sinadarai masu ƙona himogulobin. Wanda yake da ƙarancinsa lafiyarsa lau a yau da kullum, jininsa cike, ba ya shan wani magani, sai ranar da ya haɗu da abin da ya fi ƙarfin kariyar da yake da ita. Daga nan, cikin kwana ɗaya zuwa uku, sai ƙwayoyin su fara fashewa, fitsari ya yi duhu, idanu su yi rawaya, wani lokaci da ciwon baya ko na ciki. Ana gadonta ne ta ƙwayar halittar X, wato ɗa namiji daga mahaifiyarsa yake samunta, shi ya sa ta fi bayyana a maza, ko da yake mata ma tana iya taɓa su. Saboda haka ki bincika ko a cikin kawunnan yaron, 'yan'uwanki maza, akwai wanda ya taɓa yin irin wannan, ko wanda ya yi shawara mai tsanani yana jariri.

Abubuwan da suke tayar da ita sanannu ne. An gano cutar ce a 1956 a Amurka, sa'ad da masu bincike a ƙarƙashin Alf Alving suke neman dalilin da ya sa maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna firimakwin yake fasa jinin wasu mutane ya bar wasu. Bayan firimakwin akwai tafenokwin, da dafson da ake bai wa masu kuturta, da naitirofurantoyin na ciwon mafitsara, da metilin bulu. A 2008 sai da aka janye wani maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna Lapdap daga kasuwa saboda dafson ɗin da ke cikinsa yana fasa jinin yaran Afirka masu wannan ƙaranci. Magungunan dangin salfa ma an daɗe ana lissafa su, ko da yake haɗarinsu bai kai na waɗancan ba. A cikin gida kuma akwai ƙwallayen kafur da ake sakawa a akwatin tufafi, waɗanda sinadarin naftalin ne a cikinsu, kuma yana shiga jikin jariri ta numfashi da fata idan aka sa masa kayan da suka daɗe tare da su. Lalle ma an tabbatar yana tayar da ita idan aka shafa shi da yawa a jikin jariri ko ƙaramin yaro mai ƙarancin. Sai kuma wake mai faɗi da ake kira ful, abincin yau da kullum a Masar da Sudan, wanda ya kamata 'yan'uwanmu mazauna can su lura da shi. Wakenmu na ƙosai da alale ba ya cikin wannan. Amma abin da ya fi kowanne yawan tayar da ita shi ne ciwo da kansa, kamar taifot ko nimoniya ko ciwon hanta, ko da ba a sha wani magani mai haɗari ba. Nau'in da ya fi yawa a Afirka yana da ɗan sassauci, domin tsofaffin ƙwayoyi ne suke rasa inzayim ɗin, sababbi suna da isasshe, saboda haka fashewar takan tsaya da kanta bayan tsofaffin sun ƙare. Nau'in ƙasashen Bahar Rum ya fi tsanani.

Akwai kuma aibin gado a fatar ƙwayar, inda take fitowa a dunƙule maimakon faffaɗa mai lotsawa a tsakiya, sai ta kasa ratsa ƙananan hanyoyin saifa. Wannan ya fi yawa a mutanen arewacin Turai, kimanin ɗaya cikin 2,000. A Afirka ta Yamma an fi samun masu ƙwayoyi dogaye masu siffar ƙwai, kuma yawancinsu ba sa jin komai.

Idan muka koma ga abin da yake zuwa daga waje, zazzaɓin cizon sauro ne a kan gaba a ƙasashenmu. Ƙwayar cutar falsifarum tana shiga jar ƙwaya ta hayayyafa ta fasa ta, kuma saifa tana haɗawa da ƙwayoyin da cutar ba ta shiga ba ta cire su, har adadin waɗannan ya zarce na waɗanda suka kamu. Shi ya sa jinin yaro yake faɗuwa fiye da yadda yawan ƙwayoyin cutar zai sa a yi zato. A wasu marasa lafiya fashewar takan yi tsananin da fitsari zai yi baƙi, abin da aka daɗe ana dangantawa da shan kwinin. An kuma lura cewa wasu da aka yi wa allurar atesunet saboda zazzaɓi mai tsanani jininsu yakan sake faɗuwa bayan mako ɗaya zuwa uku. Wannan ba dalilin guje wa allurar ba ne, domin ita ce take ceton rai, dalili ne na sake auna jini bayan an sallami mutum. Kuma babu abin da zai hana yaro ɗaya ya haɗa zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin G6PD a lokaci guda, saboda haka samun ɗaya ba ya rufe ƙofar neman ɗayan.

Rukuni na gaba shi ne wanda garkuwar jiki take juyowa ta yaƙi jinin mai ita, ta ƙera sinadaran yaƙi da ake kira antibodi, waɗanda suke manne wa jajayen ƙwayoyi. Akwai masu aiki a ɗumin jiki, waɗanda suke sa saifa ta cinye ƙwayoyin, kuma sukan zo tare da cutar lufus, wadda a cikinta garkuwar jiki take yaƙar sassan jiki daban-daban, ko sankarar jini da ta kaluluwa, ko cutar ƙanjamau, ko kuma ba tare da wani dalili da aka gano ba. Akwai masu aiki a sanyi, waɗanda sukan biyo bayan wani nau'in nimoniya ko wasu cututtukan bairos. Wasu magunguna ma suna jawo haka, irin su metildofa da ake bai wa masu juna biyu saboda hawan jini, da fenisilin mai yawa, da allurar seftirayakson, ko da yake a mutane ƙalilan ne ƙwarai. Garkuwar tana kuma yaƙar jinin da ba nata ba. Idan aka ƙara wa mutum jinin da rukuninsa bai dace ba, fashewar tana iya farawa cikin mintoci da rawar sanyi da ciwon baya da jan fitsari, ko ta jinkirta zuwa kwanaki, musamman ga masu sikila da aka sha ƙara wa jini. Haka uwa mai rukunin Rh nagetif da ta ɗauki cikin ɗa mai fozitif, jikinta yana iya ƙera antibodi da za su illata jariran da za su biyo baya, abin da allurar anti-D take hanawa idan aka yi ta cikin awa 72 da haihuwa. Duk jaririn da ya yi shawara a cikin awa 24 na farko, a ɗauka fashewar jini ce har sai an tabbatar da akasin haka, kuma shanya shi a hantsi ba ya wadatarwa, asibiti yake buƙata, domin bilirubin yana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa har abada.

Akwai wani rukuni da ba shi da yawa amma ya fi kowanne gaggawa, inda ƙananan jijiyoyi suke cika da zaren daskararren jini, ƙwayoyin da suke wucewa su yayyage. Ana ganin haka ga yaron da ya yi gudawa mai jini sannan fitsarinsa ya ragu saboda ƙoda ta tsaya, da mai juna biyun da hawan jini ya taɓa mata hanta, da wanda ƙwayoyin cuta suka mamaye jininsa, da wasu da kububuwa ta sara, da kuma cutar da ake kira TTP wadda take kisa cikin kwanaki idan ba a sauya ruwan jinin mai ita ba. Alamar da ta haɗa su ita ce ƙwayoyin daskarar da jini, wato filatilet, suna yin ƙasa tare da jajayen. Murfin zuciya na ƙarfe da aka dasa wa mutum ma yana iya farfasa ƙwayoyi, haka ƙuna mai tsanani. Sai wata cuta da ba a cika gani ba mai suna PNH, inda ɓargo yake fitar da ƙwayoyin da suka rasa garkuwar da take kare su daga sinadaran jinin mai su.

Yanzu ga yadda ake ganowa. Rabin aikin yana cikin tambayoyin da likita zai yi miki, kuma a nan ke ce kika fi kowa amfani. Zai so ya san kowane magani da yaron ya sha a cikin mako biyu kafin idanunsa su canza, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ba tare da an ɓoye ko ɗaya ba; ko ya yi shawara yana jariri; ko akwai mai irin wannan a dangi, ko wanda aka cire wa saifa ko madaciya; da kuma yaushe fitsarin ya fara duhu. Sannan zai duba tafin hannu da cikin fatar ido, ya taɓa ciki ya ji girman saifa da hanta, ya nemi kaluluwa.

A ɗakin gwaji, matakin farko shi ne tabbatar da cewa fashewar ce da gaske. Auna PCV, wato yawan jajayen ƙwayoyi a cikin jini, shi kaɗai yana nuna cewa jini ya yi ƙasa ne, ba ya faɗin dalili. Abin da ake nema shi ne alamomi huɗu su haɗu. Na ɗaya, yawan sababbin ƙwayoyin da ba su gama nuna ba, waɗanda ake kira retikulosait. A mai lafiya ba su wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, idan suka hau sosai to ɓargo yana ƙoƙarin cike giɓi ne. Na biyu, hawan bilirubin irin wanda hanta ba ta riga ta sarrafa ba, wanda shi ne yake bambanta wannan shawara da ta ciwon hanta ko toshewar hanyar madaciya. Na uku, hawan inzayim ɗin LDH da yake fita daga fasassun ƙwayoyi. Na huɗu, faɗuwar haftogulobin, ko da yake ba kowane asibiti ne yake da wannan gwajin ba. Gwajin fitsari ma yana da amfani ƙwarai kuma ba shi da tsada: idan tsinken gwaji ya nuna jini amma aka duba da madubin likita ba a ga jajayen ƙwayoyi ba, galibi himogulobin ne yake fita. Wannan ne yake raba shi da tsargiya, wadda yaran da suke wanka a kududdufi da rafi suke kamuwa da ita, domin a tsargiya jini ne sosai yake fita, galibi a ƙarshen fitsari.

Mataki na biyu gwaji biyu ne da suke nuna inda za a dosa. Na farkonsu shi ne shimfiɗa ɗigon jini a kan gilashi, a rina shi, ƙwararre ya duba siffar ƙwayoyin. A ra'ayina babu gwajin da ya kai wannan bayar da bayani idan aka kwatanta da kuɗinsa, kuma abin takaici ne yadda ake tsallake shi a dogara ga alƙaluman da na'ura ta fitar kawai. A nan ne za a ga ƙwayoyi masu siffar lauje na sikila, ko dunƙulallu, ko yagaggu masu nuna matsalar ƙananan jijiyoyi, ko waɗanda aka gutsure musu gefe irin na ƙarancin G6PD, ko ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kanta a zaune cikin jar ƙwaya. Na biyun shi ne gwajin Coombs, wanda Robin Coombs da abokan aikinsa suka fito da shi a Ingila a 1945, kuma yana nuna ko akwai antibodi manne a jikin ƙwayoyin. Dunƙulallun ƙwayoyi tare da Coombs fozitif suna nufin garkuwar jiki ce. Dunƙulallu tare da Coombs nagetif, musamman idan akwai tarihi a dangi, suna karkata ga aibin gado na fatar ƙwaya.

Daga nan sai gwaje-gwaje na musamman gwargwadon abin da aka gani: elektiroforesis ko HPLC domin tantance nau'in himogulobin, auna inzayim ɗin G6PD, gwaje-gwajen lufus da ƙanjamau ga wanda Coombs ɗinsa ya nuna, auna aikin ƙoda da daskarewar jini ga mai yagaggun ƙwayoyi, da wani gwaji na na'ura mai ƙidaya ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya idan ana zargin PNH. Irin waɗannan galibi sai a asibitocin koyarwa da suke da sashen likitocin jini.

Akwai wuraren da ake yawan tuntuɓe. Babba a cikinsu shi ne gwada G6PD a tsakiyar ciwon, domin a lokacin tsofaffin ƙwayoyi masu ƙarancin sun riga sun fashe, waɗanda suka rage sababbi ne masu isasshen inzayim, sai sakamako ya fito lafiya alhali yaron yana da larurar. Ƙarin jini ma yana ɓata wannan gwaji kamar yadda yake ɓata na sikila. Saboda haka idan sakamakon farko ya ce babu, a maimaita bayan wata uku. Na biyu, rashin hawan retikulosait ba ya kore fashewar jini, domin ɓargo yana buƙatar 'yan kwanaki kafin ya amsa, kuma akwai wani bairos mai suna fabobairos B19 da yake tsayar da ɓargo na kimanin mako guda, wanda ga mai sikila yake jawo faɗuwar jini mai haɗari. Na uku, ƙarancin bitamin B12 yana ɗaga LDH da bilirubin har ya yi kama da fashewar jini, sai dai ƙwayoyinsa manya ne kuma retikulosait ba sa hawa. Akwai kuma masu ɗan rawayar ido ta gado da ba ta tare da ƙarancin jini ko kaɗan, wadda ba ta buƙatar magani. Hatta yadda aka ɗebi jinin, idan aka ja shi da ƙarfi ta siririyar allura ko aka bar shi a zafi, yana iya fasa ƙwayoyin a cikin kwalba ya ba da sakamakon ƙarya.

Game da ɗanki, ba zai yiwu a yanke hukunci ba tare da an gan shi ba, amma namiji mai AA da yake lafiya tsakanin ciwo da ciwo, wanda jininsa yake faɗuwa kwana biyu ko uku bayan zazzaɓi da shan magani tare da duhun fitsari, abin da za a fara nema a gare shi shi ne ƙarancin G6PD da zazzaɓin cizon sauro, sannan a yi Coombs domin a kore na garkuwar jiki. Shawarata ita ce ki kai shi wurin likitan yara ko likitan jini yanzu da yake lafiya, idan wata uku sun cika da ƙarin jinin, a auna G6PD, a sake tantance himogulobin ɗinsa, a duba jinin a gilashi, a kuma ga ko retikulosait da bilirubin sun koma daidai, domin idan suna sama alhali ba ya ciwo, to fashewar mai ɗorewa ce kuma binciken zai sauya hanya. Ki tafi da kwalaye ko sunayen duk magungunan da ya sha a karo biyun. Kafin sakamako ya fito, a daina ba shi magani ba da umarnin likita ba, a fitar da kafur daga kayansa, ya riƙa kwana a gidan sauro. Idan abin ya sake tasowa, ki roƙi a ɗebi jinin gwaje-gwajen nan kafin a ɗaura masa leda, amma kada neman gwaji ya jinkirta ƙarin jini idan yana haki, ko zuciyarsa tana bugawa da sauri, ko yana yawan barci da rashin kuzari, ko fitsarinsa ya ragu. Idan kuma aka tabbatar da ƙarancin G6PD, a rubuta shi a katin asibitinsa, a ba ki jerin magungunan da zai guje wa, a gwada 'yan'uwansa maza, kuma duk sa'ad da kika sake haihuwa ki sanar da ma'aikatan jinya tun a ɗakin haihuwa domin a sa ido a kan shawarar jaririn a makon farko.